Rigar da na yi alkawari a Ruwan Godiya

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kai kaina Ruwan Godiya neman masu ba da ɗinki ba. Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, ni kuma ban daɗe da baro Ketare na kafa keken ɗinkina a Faskari ba. Ban san kowa ba, ba wanda ya san ni. Mutanen garin sun saba da ɗinkin hannu, suna cewa zaren keke ba ya jure wanki. Sai in wuni a rumfa ina shafa wa keke mai, in ci tuwon saye ni kaɗai, in kwanta. Na riga na yanke cewa in Sallah ta wuce haka, zan koma gida in yi noma a ƙarƙashin ƙanena (wanda ya gaya mini tun farko cewa zan dawo).

Mutum ɗaya ke tanka mini, Malam Ila mai goro, maƙwabcin rumfata. Shi ya ce, "Tela, kai kana zaune kamar an dasa ka. Wa zai ba baƙo yadinshi? Ka riƙa shiga mutane. Suna, ɗaurin aure, duk inda ka ga tabarma ka zauna."

Na ɗauki maganar da ƙarfi. Da na ji ana cewa akwai taro a wani babban gida a Ruwan Godiya, ban tambayi na mene ne ba. Na sa rigar da na ɗinka wa kaina don a gani, na sayi goro, na kama hanya.

Na tarar da maza cike a ƙofar gida, ana raba gumba da goro. Na ce a raina suna ne, har an yi addu'a. (Ban ga rago ba, ban ji maroƙi ba, ban ji guɗa ba. Duk wannan sai daga baya na tuna.) Na tsallake takalman mutane na je gaban dattijon da kowa ke gaisarwa, na durƙusa, na ɗaga murya don na baya su ji.

"Baba, barka da arziki! Allah ya raya! Ni ne sabon tela na Faskari, mai keke. Rigarshi ta farko ni zan ɗinka mishi, kyauta!"

Wani da ya kai gumba baki ya mayar da hannunsa.

Dattijon ya dube ni. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ce, "An riga an ɗinka mishi, Malam. Fara ce, kuma da hannu aka yi. Yau kwana bakwai."

Babban ɗansa ne ya rasu. Sadakar bakwai na faɗa ciki.

Ko ta'aziyya ban yi ba, sai na ja gindi zuwa bakin tabarma. Na kusa da ni suka matsa, ba don su ba ni wuri ba. Haka na zauna da sabuwar rigata har aka watse, goron yana aljihuna.

Labarin ya riga ni isa Faskari. Malam Ila ya yi dariya har ya ƙware. Abin mamaki, a makon nan rumfata ta ga mutane. Yawanci kallona suka zo yi, amma mai kunya a cikinsu yakan riƙo yagaggen wando don kada a ce kallo ya kawo shi. Da facin nan na kai Sallah, ban koma Ketare ba.

Yanzu in na je taro, can baya nake zama, bakina a rufe sai na ji abin da na gabana ya ce. Ko da yake ba a cika kirana taron suna ba har yau. In rasuwa ce kuwa, kowa sai ya waiwaya ya ga ko na zo.