Rasuwar Tsohuwa, Kwamfutar Mai Hoto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda ya rasa inda zai sauke shi, Mai Hoto na shagon bakin kwana yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Tsohuwa. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin ƙanwarsa mai gyaran kwamfuta, tana da shekara tara a duniya.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta sha ƙura, ta sha shayin da ya zube mata, ba ta taɓa kai ƙara ba. Ta goge ƙuraje a fuskokin da ba su ƙirguwa, ta kuma rufa wa masu su asiri. In aiki ya yi mata yawa, iyakarta ta ce fuuu.

Mai Hoto ba ya ɓoye cewa da hannunsa a cikin wannan rashi. Bara ƙanwar ta zaunar da shi kan batun ajiye kwafin hotuna a intanet. "Yaya, hanya biyu ce," in ji ta. "Ta farko, kullum abin da ka ƙara ranar kawai za ta ɗora. Ba nauyi, amma sarƙa ce, zobe ɗaya ya ɓalle, na bayansa duk sun tafi. Ta biyu, kullum sai ta sake ɗora duk abin da ka ƙara tun babban kwafin farko. Tana cin lokaci, amma ranar wahala kwafi biyu kawai za ka nema."

Shi kuwa mutum ne da jiran ruwan zafi ma ke ba shi haushi, sai ya zaɓi ta farko. A rana ta arba'in, ɗorawa ta tsaya a kashi casa'in da bakwai, ga masu hoton fasfo sun cika benci suna tsaki. Ya rufe murfin kwamfutar, ya ce gobe ma rana ce. Bai sake waiwayar batun ba, Tsohuwa kuwa ta ci gaba da ɗora na kullum a kan zoben da ya ɓalle.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Kwana uku tana ƙit-ƙit-ƙit, sannan fuskarta ta yi shuɗi, ta yi shiru.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da firinta da ba ta san kowa ba sai ita, da marayun kwafi ɗari biyu da goma sha ɗaya a intanet. Yana ganinsu a jere a wayarsa, kowanne da ranarsa, amma daga na arba'in zuwa na ƙarshe ko ɗaya ba ya buɗuwa. A cikinsu akwai hoton wani dattijo da ya zo da farar riga wata biyu da suka wuce, ya yi murmushi sau ɗaya tak. Dattijon ya rasu makon jiya. 'Yarsa, malamar makaranta, ba ta da wani hotonsa. Kullum in an tashi daga makaranta sai ta biyo ta ce, "Malam, ya fito?" Shi kuma ya ce, "Ana kai, Malama." Kunya ta hana shi barci, ta hana shi faɗa mata.

Za a yi jana'iza a durowar ƙasa, ba a buƙatar rakiya. Ba a sa lokaci ba tukuna, domin Mai Hoto ya ce ba zai binne ta ba sai ya gaya wa Malama gaskiya. Yanzu haka tana kan benci, ta zo da firam ɗin da ta saya.