Sikelin Hawayen Dakta Na-Sani

"Ni damuwar yaro a giram nake auna ta," in ji Dakta Na-Sani, ranar da aka ba shi jagorancin wani bincike a asibiti na wata uku na gwaji. Abokina, ka san irinsu. Mutum ya je kwas na sati shida, ya dawo ko gaisuwa sai ya gyara maka.

Aikin dai shi ne a gano ko zaman hira da likita na rage wa yara fargaba da ciwon damuwa. Anti, wadda ta shekara ashirin tana aiki a sashen yara, ta miƙo masa takardar tambayoyi.

"Ƙanena, a tambayi yaron, a tambayi uwarsa da malaminsa. Yana barci? Yana wasa?"

"Anti, baki yana ƙarya. Hawaye ba ya yi."

Ya sayo sikelin masu gwal. Kowane yaro a ba shi tishu na share hawaye, in an tashi daga hira a auna. Mai nauyi yana cikin damuwa, busasshe ya warke.

Satin farko ya sallami wata yarinya da ta kwana goma ba ta ce uffan ba.

"Sifiri. Ta warke sarai."

"Ko abinci ba ta ci," in ji uwar.

"Baiwar Allah, da sikeli za ki yi gardama?"

Anti ta bi su a guje ta dawo da su.

Sati na biyu mura ta shigo. Tishu ya yi nauyi har sikeli na nishi, gogan ya rubuta cewa damuwa ta ninka sau tara. Da aka nuna masa hancin yaran, sai ya kafa doka: shuɗin tishu na ido, fari na hanci. Wani ɗan shekara shida ya tambaya, in abin ya taso daga ido ya biyo ta hanci fa? Aka yi taron awa biyu a kai.

Can ya lura yaran ɗaki na biyu kullum busassu suke fitowa. Ya bincika likitar ɗakin, ya bincika kujeru, sai ya ɗaga kai ya ga fanka.

Ranar da kwamiti zai yanke ko ya ci gaba da jagoranci, ya shigo rungume da fankar.

"Ranku ya daɗe, ga maganin. Lamba uku ta fi aiki."

Shugabar kwamiti ta cire tabarau. "Wato tishun take busarwa."

Zufa ta karyo wa Dakta, ya share goshi, ya share wuya, ya ajiye tishun a tebur. Anti ta ɗauka da yatsa biyu ta ɗora a sikeli.

"Giram goma sha ɗaya. Duk binciken ba wanda ya kai shi."

"Zufa ce, Anti."

"Da sikeli za ka yi gardama?"

Shugabar ta miƙa wa Anti fayil ɗin binciken, sannan ta dubi Dakta da tausayi.

"Ka zo ranar Litinin a fara duba ka. Ka taho da mamanka."