Ƙwallon da na wanke da jabel

Wautata kala-kala ce, amma wadda ba zan taɓa mantawa ba ita ce ta ƙwallon patron, wato maigidana. Lokacin ina kuku a gidan wani injiniya ɗan Japan, nan Arlit, a kartiye, wato unguwar manyan ma'aikatan uraniyom. Mutumin kirki, ba ya faɗa. Ni kuwa tsabta ce alfaharina; ko cokali na wanke sai ka ga fuskarka a ciki.

A falonsa akwai wani ɗan farin ƙwallo mai jan ɗinki, bai wuce lemu ba, an zaunar da shi cikin gilashi kamar mai sarauta. Kullum idona na kai. Ya dafe, ga wani ƙazamin zane a jikinsa. Ranar da patron ya tafi Imouraren na ce yau zan fidda ƙwallon nan kunya. Sabulu, buroshi, da jabel, ruwan nan mai faranta kaya. Ya fito fes.

Na kira Aghali shofer, mai tuƙa patron, ya yaba aikina. Ya daɗe yana kallo.

"Kuku, ina rubutun?"

"Wane rubutu? Datti dai."

Nan ya zaunar da ni. Ashe sa hannun wani gwarzon wasan besbol ne (wasan da ake maka wa ƙwallo kulki a ruga da gudu). Ɗan talakawa ne, in ya doki ƙwallo sai a bayan fili a tsinto shi, yara duk ƙasar suna kwaikwayon tsayuwarsa. Ya rasu tuni. Mahaifin patron ya wuni a layi kafin ya samu wannan zanen, shi ma ya rasu.

Na hango aikina yana tafiya. Amma ni ba na rasa dabara. Na ɗauki alƙalamin bik zan mayar da rubutu. To, ajina biyu a makarantar lakwal, abu ɗaya na iya rubutawa a duniya: sunana. Shi na rangaɗa, har da 'yar wutsiya.

Tun ranar na koyi cewa ba kowane datti ne nawa ba.

Patron ya dawo, ya ɗaga ƙwallon, ya karanta a hankali. Ya cire tabarau ya goge ido. Bai kore ni ba. Ya mayar da shi cikin gilashi, ya ce wani abu, Aghali ya fassara:

"Wai ɗansa zai gaji ƙwallon. In ya tambaya, a wace ƙungiya za a ce ka buga?"