Mutumin da Ba Ya Nan

Wani ne a bakin tekun Sabah, mai gasa kifi a kasuwa. Matarsa Hasnawati 'yar tsallake ce, daga Indunusiya. Tun tana budurwa ta shigo a kwale-kwale ba takarda, limamin ƙauye ya ɗaura musu aure. Har sun haifi huɗu, amma da an ce ga masu kame, sai ta shige bayan buhunan gawayi.

Ran nan ya gaji, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya kai ta ofishin shige da fice.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, takardar zama nake nema wa iyalina."

Jami'in ya duba, ya duba, ya ce, "Matarka ba ta ƙasar nan."

Mutumin ya waiwaya. Ga ta zaune tana fifita da gefen mayafi.

"Ga ta fa."

"Ba hatimin shigowa. Wanda ba a buga wa hatimi ba, a wurinmu bai shigo ba."

"To 'ya'yan nan huɗu fa, wa ya haifa min?"

"Wannan ka tambayi asibiti. Ta koma garinsu ta yi fasfo, ta shigo ta ƙofa."

"Sai ku buga mata na fita."

"Yaya za mu fitar da wadda ba ta shigo ba?"

Mutumin ya fito yana jinjina kai, don shi a ganinsa ya ƙaru da ilimi. Ya shirya da wani mai kwale-kwale da zai haye da ita Indunusiya, ya ce shi ma da shi za a je.

Hasnawati ta ce, "Baban Juhari, ɗauko fasfonka."

Ya yi dariya. "Ke ba ki fahimci doka ba. In ba a buga min hatimi ba, ban fita ba. Kin ga ina can ina rakiyarki, ina nan ina kula da yara."

Suka haye cikin kwandunan kifi. Ita ta wuce neman fasfo, shi ya zauna a shagon shayi ya buɗe baki, yana koya wa mai shagon yadda ake dama shayi a Sabah. Wani ɗan sanda da ke teburin baya ya ajiye kofinsa.

"Malam, takardunka."

Ya ce, "Sha shayinka, yallaɓai. Ai ni ba na nan."

"Kana ina?"

"Ina Sabah. Duba littafinku ka gani, ban shigo ba."

Ɗan sandan ya ce, "Madalla. Taso mu je, tunda ba ka nan, ba wanda zan tsare."

Ya yi kwanaki a bayan kanta, sauro na cizon mutumin da ba ya nan. Sai ga Hasnawati da sabon fasfo a hannu, tana cin soyayyar ayaba.

Babban jami'in wurin ya ce, "Baiwar Allah, hanya ɗaya ce. In 'yar ƙasa ta tsaya masa ta ce mijinta ne, ma duba lamarinsa. In ba haka ba, kotu."

Mutumin ya riƙe ƙarafa. "Maman Juhari, gaya musu."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta haɗiye ayabarta, ta goge hannu.

"Ranka ya daɗe, nawa mijin yana Sabah yana kula da yara. Wannan ko shigowa bai yi ba."