Ranar da Sikelin Hukuma Ya Auna Uwargidana

Kafin in shiga bayanin abin da ya same ni ranar Alhamis da ta wuce, ya kamata in gabatar wa masu karatu mutanen da maganar ta shafa, domin kada a ɗora wa wani laifin wani. Na farko ni ne, Clarrie Pascoe, tsohon mai gyaran shingen gonaki, ɗan shekara saba'in da huɗu. Ta biyu uwargidana ce, Noeline, wadda muka shekara arba'in da tara tare, goma sha ɗaya daga ciki a ɗakin tafi-da-gidanka da muke ja da mota. Na uku Merv Tonkin ne, maƙwabcinmu a filin da masu irin ɗakinmu ke sauka, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa tumaki aski, yanzu kuma ya koma yi wa mutane da baki. Na huɗu shi ne ma'aikacin da aka ɗora a kan sikeli. Ba zan faɗi sunansa ba, Sarkin Awo zan kira shi. Na biyar bai zo wurin ba, amma hotonsa yana manne a bango: Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda ba a taɓa miƙe ƙyalle a gabansa bai yanka ba.

Ga abin da ya kai ni. Noeline tana fama da ciwon ƙirji, kuma likita ya ce kada sanyin watan Yuni ya riske ta a kudu, mu ja ɗakinmu mu yi arewa kamar yadda muka saba, domin a ƙasarmu Yuni da Yuli ne tsakiyar hunturu, arewa kuma ita ce mai ɗumi. Takardun ɗakin kuwa ranar Juma'a suke ƙarewa. Bana manya sun tausaya mana, suka fito da doka cewa ba za a sabunta wa kowa takarda ba sai an ɗora ɗakinsa a kan sikeli an ga bai wuce nauyin da masu ƙira suka buga a jikinsa ba. Sarkin Awo kuma Alhamis ɗaya yake zuwa garinmu cikin mako shida. Wanda ya faɗi, sai tsakiyar Yuli, lokacin da ruwa ke daskarewa a cikin bokiti. Ban ga yadda ƙirjin Noeline zai kai tsakiyar Yuli a can ba.

Mai karatu zai ce, to me ya sa ɗakinka ya yi nauyi? Tambaya ce mai kyau, kuma ruwa ba ya tsami banza. Shekara tara ke nan ana yi mana alkawarin kwalta a hanyar arewa. Na ga an ƙaddamar da aikin sau biyu, an ci biskit, an yi tafi. Gargadar tana nan yadda kakanninmu suka bar ta, ta karya mini sifirin, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin ɗakin, sau uku. Sai na je wurin mai walda ya sa mini masu kauri, na ƙara tayar safaya ta biyu. Famfunan da ke wuraren hutawa a bakin hanya aka kwance su domin a kawo na zamani, na zamanin suna hanya har yau, sai na ɗaura tankin ruwa na biyu a ƙarƙashi. Wutar filin sauka ta lalace, aka kafa kwamiti, kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti, sai na hau rufi da tsufana na ɗaura faifan sola biyu, na sa batir babba domin injin numfashin Noeline. Duk kilon da ya ƙaru a ɗakin nan alkawari ne na wani babban mutum da bai cika ba. Yanzu kuma su ne za su auna su gaya mini na yi nauyi. Madalla da wannan kulawa.

Kwana huɗu na yi ina shiri. Na kwance tayoyi na wanke boris na sa sabon giris, na gyara birki, na bi kowace fitila, na toshe inda rufi ke yoyo a kan gadonmu. A cikin kwanakin nan kuma na kai ɗakin sikelin masu hatsi, inda ba a neman takarda sai gaisuwa, na tabbatar cewa idan na sauke komai, zan rage kilo ashirin ƙasa da abin da aka buga.

Ranar Alhamis da safe na fara da gidan mai. Famfo ɗaya ke aiki, ɗakuna goma sha huɗu a layi, kowa da furfurarsa. An ce mana tankar mai ta taso. Tun watan jiya take tasowa. Na isa wurin awo ƙarfe goma, Merv yana biye da ni da nasa ɗakin.

Sikelin kansa abin alfahari ne. Mai Girma Sarkin Almakashi ya buɗe shi sau uku, kowane buɗi ana saura mako biyu zaɓe. An gina masa ofis mai gilashi, an shuka furanni, an kafa allo mai faɗin ƙofar coci da ke cewa lafiyarmu ita ce damuwarsu. Abin da aka manta shi ne benci da makewayi, alhali duk wanda ke layin ya haura sittin.

To akwai yadda muke yi, kuma ba sirri ba ne. Wanda layi ya zo kansa yakan zubar da ruwan tankunansa, ya kwashe kayansa ya zuba a ɗakin na bayansa. In an auna shi ya wuce, sai ya zagaya bayan ofis ya kwashe nasa, ya karɓi na wancan ya riƙe masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sarkin Awo yana kallonmu ta gilashi, amma a daidai lokacin yakan ga wani abin mamaki a cikin kofin shayinsa.

Muka fara kwasa. Katifa, tukunyar ƙarfe, tukwanen gas, akwatin sifanu, safaya ta biyu, kwalaben zuma, kujeru.

Merv ya ɗaga tukunyar yana nishi, ya ce, "Mutumina, wannan tukunya ce ko kan injin jirgin ƙasa?"

Na ce, "Ɗauka dai. Ai ba ka tambayi nauyinta ba ranar da ka cinye abin da ke ciki."

"Ni fa tausayinka nake ji. Da ka bar haƙoranka ma a wurina, ka rage kilo guda."

Noeline tana tsaye a gefe, iska tana kaɗa ta, tana tari. Na ce ta nemi wuri ta fake. Merv ya cire kwat ɗinsa ya yafa mata. Ni na ɗauka ɗakin Merv ta shiga, inda katifarta take. Ban duba ba. Wannan kuskurena ne, kuma na rubuta shi da hannuna.

Aka ɗaga mini hannu. Na ja ɗakin taku goma na hau da shi kan farantin ƙarfe, na kwance shi daga mota, na matsa gaba, na koma tagar ofis da hulata a hannu.

Sarkin Awo ya dubi allonsa, ya ce, "Baba, ka wuce da kilo arba'in."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a sake dubawa. Babu ko cokali a ciki."

"Ni ba na duba cokali. Lamba nake dubawa."

"Shekaranjiya sikelin masu hatsi ya ce ina da rarar ashirin."

"To ka je masu hatsi su ba ka takarda."

Merv ya leƙo ta kafaɗata, ya ce, "Yallaɓai, ko furannin nan ne suka yi saiwa a ƙarƙashin farantin? Ko kuwa buɗi na huɗu yake jira kafin ya fara faɗin gaskiya?"

Sarkin Awo bai yi dariya ba. Ya ce sikelin nan daga babban birni ake kula da shi, ba ya kuskure, kuma kowane ɗaki sau ɗaya ake auna shi a rana, domin na'ura ba ta karɓar awo biyu. Ya jawo jar takarda. Ni kuwa abin da nake gani a jar takardar nan shi ne Noeline zaune a bakin gado da asubar Yuli tana neman numfashi.

Ya ɗora biro ke nan, sai muka ji tari. Daga cikin ɗakin da ke kan sikeli ya fito. Mu uku muka juya. Ƙofa ta buɗe, Noeline ta leƙo cikin kwat ɗin Merv, gashinta a hargitse, alamar katakon gado a kumatunta.

Ta ce, "Tsohon nan, ina ka kai mini katifa? Kuma wa ya girgiza ni ina barci?"

Merv ya riƙe ciki ya jingina da bango. Ni na yi farin ciki, na ce, "Ranka ya daɗe, ga kilon nan ta fito da ƙafarta. A cire ta, a ba ni takardata."

Ashe an gudu ba a tsira ba. Sarkin Awo ya buɗe littafinsa, ya yi mini bayani dalla-dalla, kamar mai koya wa jikansa karatu. Idan abin da ke cikin ɗakin kaya ne, to na wuce nauyi, na faɗi. Idan kuma mutum ne, to na ja ɗaki da mutum a ciki, wanda laifi ne da ke hana takarda har sai an zauna a kansa.

Na ce, "Taku goma fa, Yallaɓai."

Ya ce, "Taku goma ma ja ne."

Gaba kura, baya sayaki. Noeline ta sauko a hankali, ta tako har tagar, ta dube shi sama da ƙasa.

Ta ce, "Ɗana, shekararka nawa?"

"Talatin da ɗaya, Mama."

"Tukunyar girkina ma ta girme ka. Ka ji tarin nan? To ba na wasa ba ne. Ni ba ruwana da ko mutum ce ni ko kaya. Shekara arba'in da tara wannan tsohon yana ja na daga gari zuwa gari, bai taɓa tambayata ba. Ka duba littafinka da kyau, ka zaɓo mini wanda zai kai ni arewa."

Ya juya shafi, ya sake juyawa, ya kurɓi shayi. Can sai ya ce akwai wani gurbi a bayan takarda, na kayan da aka sauke bayan awo. Idan an auna kayan daban, an rubuta ko mene ne, na'ura takan cire nauyinsa. Amma fa sai kaya.

Noeline ta ce, "To rubuta."

Na ja ɗakin na sauke. Uwargidana ta cire kwat ta miƙa wa Merv, ta cire takalma, ta hau farantin da aka yi domin tireloli, ta tsaya ita kaɗai a tsakiya, tsofaffi sama da ashirin suna kallo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allo ya nuna sittin.

Ta ce, "Ƙarya yake! Hamsin da bakwai nake tun kafin a haife ka."

Sarkin Awo ya ce sikelin ashirin-ashirin yake tafiya, bai san bakwai ba.

Merv ya ce, "Ki gode wa Allah, Noeline. Da kin karya kumallo da tamanin zai ce."

Ta ce, "Kai kuma ka jira, kayanka a ɗakina za su zauna."

Aka buga hatimi. Na karɓi takardar da hannu biyu, na sa tabarau na karanta ta tun daga sama har ƙasa, domin ni ba na sa takarda a aljihu ban san abin da ta ce ba. A gurbin ya rubuta: kaya, mace ɗaya, kilo sittin, an sauke. A ƙasa kuma, da ƙananan haruffa, na'ura ta ƙara nata sharaɗin: kayan da aka sauke ba za a mayar da su cikin ɗakin ba.

Na nuna masa. Ya ce shi ma ya gani, amma ba shi ya rubuta ba, kuma layi yana jira. Muka zagaya bayan ofis, na cika tankuna biyu a famfon da ake ba furanni ruwa, muka mayar da katifa da tukunya da duk sauran, muka karɓi na Merv muka riƙe masa har ya wuce. Ɗakin da hukuma ta tabbatar da lafiyarsa ya fita daga harabarta da nauyin da ya shigo da shi.

Ina rubuta wannan ne daga arewa, kwana huɗu da tafiya. Rana ta fito, taga a buɗe take, kuma tun jiya tarin ya fara sauƙi. Kayan da aka sauke suna kwance a kan katifarsu suna karya doka, sun kuma ce in kawo shayi.

Ni ba gwanin alƙalami ba ne. Duk wanda ya ga na yi kuskure a rana, ko a lissafi, ko a girman da ya dace da manyanmu, ina roƙonsa ya rubuto ya gyara mini, zan karɓa da godiya. Kilo uku ne kawai ba zan iya gyarawa ba, domin wannan tsakanin Noeline ne da babban birni.