Yadda Za Ka Roƙi Gada da Turanci Ba Tare da Kowa Ya Ji Ba

Wannan jagora taka ce, kai sakataren ƙungiyar ci gaban ƙauye da aka ɗora wa rubuta jawabin maraba ga babban baƙo. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ina ba ka tabbacin za a tafa maka, za a nemi kwafin jawabinka, kuma ba wanda zai iya kawo shaidar cewa ka faɗi wani abu. An gwada hanyar a bainar jama'a, wata Asabar cikin Afrilu, a Ungwan Rafi da ke bayan Godogodo. Ta yi aiki daga farko har ƙarshe.

Ga yadda abin yake, don ka gane misalan. Rafi ne ya raba Ungwan Rafi da titi da asibiti. Gadar katakon da ke kai, ruwa ya tafi da ita shekara biyu da suka wuce. Wani ɗan majalisa ya yarda zai tsaya musu minti ashirin a kan hanyarsa ta zuwa biki a Kwoi. A wajenmu kuwa ba a tare babban mutum a roƙe shi baki da baki. A cikin jawabin maraba ake saka buƙata, a karanta da Turanci, a miƙa masa takardar. Wanda aka ba rubutun shi ne sakataren ƙungiyar, Malam Dickson, malamin Turanci mai ritaya, wanda yara da manya ke kira Tisha. Shi ne abin koyinka.

Mataki na 1: Ka raina gajeriyar magana

A taron kwamiti za a sami wanda zai ce a faɗi abin kai tsaye. A Ungwan Rafi, Rosemary ce, ungozomar ƙauyen, wadda ake kira Mama Jason. Ta ce a rubuta cewa ba su da gada, ruwa zai sauko a watan Mayu, kuma a daminar bara mata biyu ta karɓi haihuwarsu a bakin rafi don ba hanyar ƙetarewa. Ta ce wannan ya isa.

Tisha ya duba agogo. Maganar ba ta kai daƙiƙa ashirin ba. Ya bayyana wa kwamiti cewa bai yi shekara talatin da alli a hannu ba don ya tsaya gaban Honarabul kamar mai cigiyar akuya. Ka riƙe wannan. Maganar da kowa ya gane, kowa ma zai iya yin ta, to ina amfanin sakatare?

Mataki na 2: Tara kalmomin haɗi kafin ka nemi abin faɗa

Masu koyo suna fara tunanin abin da za su ce, sannan su nemi kalmar da za ta haɗa shi da na gaba. Wannan aikin ɗalibai ne. Ƙwararre yana jera kalmomin haɗin tukuna a gefen hagu na takarda, daga sama zuwa ƙasa: Furthermore, Moreover, In addition, In the same vein, However, Be that as it may, Consequently. Tisha yana da littafi mai ɗauke da guda arba'in da ɗaya. Ya zaɓi ashirin da shida, ya ce ba ya son ya cika wa baƙo ciki.

Kada ka damu cewa uku na farkon duk abu ɗaya suke nufi, wato bugu da ƙari. Nan ne amfanin Turanci yake. Da Hausa, in ka ce bugu da ƙari sau uku a jere, wani dattijo zai ɗaga sanda ya tambaye ka ƙari a kan me. Da Turanci ba mai tambaya, domin mai tambaya ya tona wa kansa asiri.

Mataki na 3: Ka ciyar da kowace kalma

Yanzu kana da kalmomi ashirin da shida, kowace tana jiran sakin layinta. Gada kuwa sakin layi ɗaya ce. Sauran ashirin da biyar sai ka nemo musu abinci.

Fara da tarihi. Tisha ya kawo kakannin da suka sauko daga kan dutse. Ƙarƙashin Furthermore ya kawo zuwan 'yan mishan. Ƙarƙashin Moreover ya kawo jirgin ƙasa Kafanchan, duk da cewa layin dogo bai taɓa bi ta Ungwan Rafi ba. In addition ta sami noman citta. Akwai kuma kofin ƙwallon da samarin ƙauyen suka kusa ci.

Idan wani ya kawo shawara, karɓi rabin da ya dace da kalmarka. Alhaji Saifullahi, mai sayen citta, wanda motarsa ke tsayawa a ƙetaren rafi duk damina, ya nemi a rubuta cewa Kirista da Musulmi na ƙauyen zaune suke lafiya, har tare suke ɗaukar buhunan citta a ka suna ratsa ruwa zuwa ƙirji. Tisha ya yaba da shawarar. Ya ɗauki zaman lafiyar ya saka ƙarƙashin In the same vein. Buhunan da ruwan ya bar su, don sun ɓata masa tafiyar jimla.

Mataki na 4: However, da yadda ake wasa da ita

Wannan ita ce kalma mafi daraja a jakarka. Duk wanda ya saba zuwa taro ya san cewa bayan yabo, in an ce However, kuka ne zai biyo. Baƙo zai gyara zama, mai taimaka masa zai buɗe biro.

Kada ka ba su abin da suke jira. Tisha ya saka tasa a shafi na uku, ya bi ta da cewa al'umma ba ta manta da irin nauyin da ke kan Honarabul ba. Sai ya ɗora Be that as it may, wadda ita ma alkawarin kuka ce, ya bi ta da addu'ar Allah ya ƙara masa lafiya. Biron da aka buɗe sau biyu aka rufe, ba ya sake buɗuwa.

Mataki na 5: Buƙata a ƙarshe, kuma ƙarshen ya zama uku

Ladabi ya hana a fara da roƙo. Saboda haka ka tura shi can baya, ka gina masa katanga. Lastly ta ɗauki godiya ga matasa da suka share fili. Finally ta ɗauki godiya ga iyaye mata. Sai bayan In conclusion, a shafi na shida, gada ta fito.

Ranar Alhamis Tisha ya karanta wa kwamiti. Ciyaman, Baba Levi, ya daina gane komai tun a shafi na biyu, amma da aka gama ya ce ko a Kaduna sai haka. Kowa ya gyaɗa kai, ban da mutum ɗaya.

"Tisha, ka kawo gadan nan gaba mana," in ji Rosemary. "Mutumin nan minti ashirin ya ba mu."

"Mama Jason, rubutu yana da tsari. Ba a fara jawabi da In conclusion."

"To ka fara da gada."

Tisha ya yi murmushi irin na malamin da ɗaliba ta ba shi amsar da ba ta cikin littafi. Ya ce idan ya zare sakin layi ɗaya, sauran duk za su zube, don kowane yana riƙe da na gabansa. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne garkuwarka. Rubutun da aka ɗaure da kyau ba ya gyaruwa.

Mataki na 6: Ka nemi tafinta

Ba kowa ke jin Turanci ba, kuma kai mai son jama'a ne. Nemo tafinta ya maimaita kowace jimla da Hausa. An ba Martins aikin, mai fassara wa fasto wa'azi ranar Lahadi, mutum mai tsoron Allah wanda ba ya tsallake ko kalma ɗaya.

Ga lissafin lokaci. Minti ashirin ne. Zumuntar Mata ta coci za ta yi waƙar maraba, minti shida. Addu'ar buɗewa biyu ce, ta fasto da ta liman, kuma ba wanda zai yarda tasa ta fi gajarta: minti huɗu. Saura goma. Jawabin, ba tafinta, minti goma sha takwas ne. Kada ka yi wannan lissafi a gaban kwamiti.

Mataki na 7: Ranar taro, kada ka ɗaga kai

Ka tabbata an sa ranar cikin rani. A watan Afrilu rafin Ungwan Rafi yashi ne zalla. Motocin baƙo uku suka bi ta kai suka wuce, gilashi a rufe, ba wanda ya san ya ƙetare wani abu.

Tisha ya miƙe cikin kwat ɗinsa, Martins a gefensa. Daga nan dokar ɗaya ce: ido a kan takarda. Duniya za ta yi ƙoƙarin katse ka. A shafi na biyu mai taimaka wa baƙo ya fara nuna agogon hannunsa. A shafi na uku Baba Levi ya yi tari har sau huɗu, tarin da duk ƙauyen suka gane ma'anarsa. Alhaji Saifullahi ya yagi gefen takardar shirin taro, ya rubuta kalma ɗaya, gada, aka miƙa hannu zuwa hannu har teburi. Tisha ya karɓa da ladabi, ya saka a aljihu bai buɗe ba. Martins kuwa tuni kalmominsa suka ƙare, yana ta haka kuma, haka kuma, yana share gumi.

A tsakiyar shafi na huɗu Honarabul ya miƙe. Ya nemi gafara, ya ce ango da amarya na jiransa a coci. Ya karɓi makirfo, ya yi magana da Hausa, kuma ga alama har zuciyarsa yake nufi.

"Na zaga ƙauyuka da yawa," in ji shi. "Duk inda na je, kafin in zauna an fara: ba mu da wannan, ba mu da wancan. Yau na zo wurin da aka ba ni tarihi, aka yi mini addu'a, ba a roƙe ni komai ba. Ungwan Rafi, kun koya mini darasi. Duk inda na je zan ba da misali da ku."

Aka tafa, domin ba a barin babban baƙo ya yi shiru ba tafi. Rosemary ta miƙe ta nufi teburi, wani ɗan kwamiti mai kula da tsari ya tare ta, ya tuna mata cewa lokacin mata yana wajen jawabin godiya, lamba ta tara a takardar shiri. Kafin ta kewaye shi, an rufe ƙofofin mota.

Mataki na 8: Ka ƙarasa

Mai rauni zai naɗe takarda ya zauna. Kai kada ka yi haka. Tisha ya jira ƙarar motoci ta lafa, ya gyara tabarau, ya ci gaba daga inda aka tsaya. Ya wuce Lastly, ya wuce Finally. Da ya kai In conclusion sai ya sanar da mutanen Ungwan Rafi, cikin Turanci mai tsabta, cewa ba su da gada. Martins ya fassara musu.

"Tisha," in ji Rosemary daga inda take tsaye, ba tare da ta ɗaga murya ba, "wa kake gaya wa?"

Ta nemi shafi na shida kawai. Tisha ya nuna mata cewa shafin ya jingina ne da biyar ɗin da suka gabace shi, ba zai tsaya shi kaɗai ba. Ta kwashe shidan duka. Alhaji Saifullahi ya tayar da babur, suka bi motocin har Kwoi. A ƙofar wurin biki suka sami mai taimaka wa baƙon, ya karɓi takardun da hannu biyu, ya ce kada su damu, Oga ya riga ya ji jawabin da kunnensa kuma ya ji daɗinsa ƙwarai.

Sakamako

Ƙauyuka uku sun aiko a ba su kwafi. An sake zaɓen Tisha sakatare ba hamayya. Ruwan farko ya sauka ranar tara ga Mayu. Rosemary ta ajiye jaka a gidan da ya fi kusa da rafi, da safar hannu da reza sabuwa da babbar leda a ciki. Mata huɗu ne za su haihu a lissafinta kafin Satumba.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ya yi alkawarin tafi, kuma an yi tafi. Bai yi alkawarin gada, kwalbati, ko katako ɗaya ba. Ba shi da hannu a abin da zai sami citta, babur, ko mai naƙuda a bakin kowane rafi, a wannan ƙaramar hukuma ko wata. Wanda yake da ƙorafi ya rubuto shi da Turanci, ya kawo da kansa Kafanchan. Mutanen Ungwan Rafi su jira Nuwamba, lokacin da za su iya fitowa.