Sulhun 'Yan Rufin Kwano

Wani ne a unguwar Edmonton, gadi yake yi a wani babban kanti, kuma duk duniya babu abin da ya ɗauke masa hankali kamar wasu makaɗan rock da ake kira Rufin Kwano. Su uku ne. Akwai Dung mutumin Jos mai jita, akwai Lovelyn mai waƙa, sai Gariba ɗan zangon Kumasi mai ganguna. In suka fara kiɗa sai ka rantse ƙanƙara ce take zuba a kan kwano, daga nan ma sunan ya samo asali. Da Hausa da Turanci suke waƙa. Masoyansu ba su da wani yawa, amma kowa ya san kowa. Ranar wasa wannan ta kawo soyayyiyar masa, wancan ya dafo shinkafa da wake, wani ya ba da motarsa a kwashi kaya. Gogan naka mai gadi kuwa shi ne mai ɗaukar lasifika. Ba wanda ya sa shi. Shi ya naɗa kansa, kuma a gindinta yake tsayawa har a tashi, shi ya sa kunnensa na hagu ya fara nauyi, yana ma alfahari da hakan.

Ana nan ana nan, rannan bayan wasa makaɗan suka tara masoya suka ce za su rabu. Lovelyn ta samu aikin jinya a Leeds. Gariba matarsa ta haifi tagwaye, ga tuƙin bas, ga wuyan hannu ya fara ciwo. Dung zai koma Jos ya buɗe wurin ɗaukar waƙa. Suka ce babu faɗa, babu komai, lokaci ne ya yi, kuma za a yi wasan bankwana ranar wata Asabar da yamma a wani zaure a Deptford. Suka rungume juna, aka share hawaye, aka tafa, aka cinye sauran masa.

Shi dai gogan bai tafa ba. Ya shiga jirgin ƙasa na Overground ransa a jagule, yana girgiza kai shi kaɗai har wata tsohuwa ta canza kujera. A gidan kawunsa ya tashi a Zariya, kawun nan kuwa shi ne mai sasanta mutane a unguwarsu. Gogan ya ga rabuwar abokan kasuwa, ya ga ta wa da ƙane, ya ga ta maƙwabta a kan katanga, bai taɓa ganin wadda aka yi da runguma ba. A wurinsa in mutum ya ce babu komai, to komai ɗin ne ya yi yawa. Kuma ya tabbata in aka gano faɗan aka kashe shi, Rufin Kwano ba za ta rushe ba.

Ya kira Suweiba, wadda take riƙe da guruf ɗin masoya a WhatsApp, ya ce mata akwai magana a ƙasa. Ta ce masa babu wata magana, jiya ma a flat ɗinta su ukun suka ci tuwo a kwano ɗaya. Ya ce ai wannan ita ce alamar, mutanen da suke lafiya ba sa tsayawa nuna wa duniya suna cin tuwo tare. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta kashe waya.

Dabarar kawu guda ɗaya ce, bai kuma taɓa ganin ta ƙi ci ba. Ba a haɗa masu faɗa tun farko. Sai ka bi kowa gida da ƙunshin goro, ka ce masa ɗayan ya amsa laifinsa, yana neman gafara, kunya ce ta hana shi zuwa da kansa. In zuciya ta yi sanyi sannan a haɗa su. Abin da gogan bai taɓa lura da shi ba, kawu sai ya tabbatar da akwai faɗan kafin ya sayi goro.

Ranar hutunsa ya sayi goro ƙunshi uku a kasuwar Deptford, ya sa hular da yake zuwa ɗaurin aure da ita, ya fara da Dung a Camberwell. Ya same shi yana naɗe wayoyi yana jerawa a kwali. Suka gaisa, gogan ya yi gyaran murya irin ta manya, ya ajiye goro a kan tebur.

"Daga wajen Gariba nake. Ya ce a ba ka haƙuri, ya amsa laifinsa."

Dung ya saki wayar da ke hannunsa. "Laifin me, Oga?"

"Ka bar tone-tone. Abin da ya wuce ya wuce."

"Seriously, ban san ya yi mini komai ba."

"Yauwa. Irin zuciyar da ake nema ke nan."

Ya yi masa addu'a ya fita yana jin daɗi. Dung ya zauna a kan kwali yana tunani. Bai daɗe ba ya tuna da wata 'yar na'urar jita da yake takawa da ƙafa, wadda ta ɓata shekarun baya, ranar da aka kwashi kaya a motar Gariba.

Daga nan gogan ya wuce gidan Gariba, ya tarar da shi da jariri a kowace kafaɗa, idonsa ja saboda rashin barci. Ya yi barka, ya miƙa goro, ya ce Lovelyn ce ta aiko shi, tana neman gafara a kan maganganun da take yi a kansa a bayan idonsa.

"Maigida, Lovelyn? Ya faɗi mene a kaina?" Gariba ya tambaya da Hausarsa ta zango.

"In na maimaita na zama magulmaci. Ta dai ce ba za ta ƙara ba."

Gariba ya jefa goro a baki yana tauna a hankali. Dama ya daɗe yana zargin akwai dalilin da ya sa Lovelyn take waiwayo tana kallonsa duk lokacin da ya sa sauri a kiɗa. Da yana ɗauka jin daɗi ne.

Kafin ya isa wurin Lovelyn gogan ya riga ya ƙware, har yana ƙara gishiri. Ya ce mata Dung ya yi nadamar abin da ya yi mata, kuma da yake ba da saƙon har kuka ya yi. Lovelyn ta tsaya cak da kofin shayi a hannu. Dung ɗin da ko ranar da jitarsa ta faɗo daga bene bai zubar da hawaye ba? Ta ce, "Kawu, in har Dung ya yi kuka, to abin ba ƙarami ba ne. Just tell me." Ya ce shi mai gyara ne, ba mai ɓatawa ba. Yana fita ta tuna da wani mai shirya waƙoƙi da ya taɓa karɓar lambarta ta hannun Dung, wanda har yau bai kira ba.

Ranar gwajin kiɗa na ƙarshe gogan ya je da wuri, ya kafa lasifika, ya ja gefe yana jiran ya ga amfanin shukarsa. Su ukun suka shigo, gaisuwa sama-sama, kowa yana satar kallon ɗan'uwansa. Dung ne ya fara, ya ce wa Gariba ya yafe masa, amma ya dawo masa da abinsa. Gariba ya ce wane abu, shi ba ɓarawo ba ne, sannan ya juya kan Lovelyn ya ce in kiɗansa bai yi mata ba ta faɗa a gabansa. Lovelyn ta ce ita ba ta da lokacinsa, Dung take jira ya gaya mata lambar wa ya ba mutumin nan. Murya ta hau murya. Aka tono maganar wanda yake makara, da wanda yake cinye naman kowa a hanya, da wanda ya taɓa manta baitin waƙa a gaban jama'a. Mutanen da ba su taɓa sa-in-sa ba tun da suka haɗu, ranar sai da mai wurin ya leƙo. Lovelyn ta ɗauki jaka, Gariba ya zuba sandunan gangarsa a aljihu, kowa ya kama gabansa.

Kafin yamma guruf ya ɗauka cewa an yi cancel ɗin wasan bankwana. Masoya suka rabu uku, har mai masa ta ce ba za ta ƙara soya wa magoya bayan Dung ba. Abin ya dami gogan, don bai taɓa kawo wa ransa zai rasa har wasan ƙarshen ba. Duk da haka bai iya haƙuri ba, sai da ya kira Suweiba ya ce, "Hajiya, ba na gaya miki akwai magana ba?"

Suweiba ta tara makaɗan a flat ɗinta, ta rufe ƙofa, ta ce ba mai fita. Suka zauna kowa ya juya wa kowa ƙeya. Can Dung ya ciro wani ƙunshin goro ya miƙa mata, ya ce ta ba wani, shi ba ya ci, Oga ne ya kawo masa ranar da Gariba ya aiko shi. Gariba ya ce shi bai aiki kowa ba. Lovelyn ta buɗe jaka a hankali ta ciro irin ƙunshin sak, har igiyar. Suka juya suka dubi Gariba. Shi ya riga ya cinye nasa, amma haƙoransa sun ba da shaida. Sai Lovelyn ta fashe da dariya, Dung ya kama ciki, Gariba ya zame daga kujera. Da suka dawo hayyacinsu suka ce wasa yana nan, amma fa ba za a bar mutumin nan haka ba.

Ranar Asabar gogan ya iso da rigarsa mai tambarin Rufin Kwano, ta sha guga, yana naɗe hannu zai ɗauki lasifika. Ya tarar da Suweiba ta tare ƙofa. Ta ce yau ba zai shiga ba. Ta nuna masa wata kujera da aka ajiye a waje a gindin taga, an buɗe tagar, an juyo da lasifika ɗaya tana kallon wajen, ga farantin masa a rufe a kan kujerar. Daga ciki an fara gwada ganga. Idon gogan ya kawo ruwa.

"Wa ya ce a hana ni? Dung ne ko? Na san shi da riƙo."

"Dukansu, Malam."

"Har Lovelyn?"

"Ita ta kawo shawarar. Gariba ya goyi baya, Dung ya ce amin."

"Babu wanda ya yi gardama? Ko ɗaya?"

"Bakinsu ɗaya."

Gogan ya goge ido. Ya ɗaga farantin ya zauna, ya juya kunnensa mai kyau wajen taga, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ɗauki masa.

"Bakinsu ɗaya? To alhamdu lillahi. Ki ce musu ba sai sun yi mini godiya ba, don Allah na yi."